Dodon koɗin teku mai dafi: yadda zaka gane shi da abin yi in ya harbi mutum

Kwanakin baya ɗan yayata dake aikin gini a Jidda ya turo mana hoto a WhatsApp na gida, ranar Juma'a ce sun tafi bakin teku shan iska da yamma shi da abokan aikinsa, ga shi tsaye cikin ruwa iya gwiwa ya ɗago wata katantanwa a tafin hannunsa, kyakkyawa mai zane kamar an yi mata aikin hula, ya rubuta a ƙasa wai Kawu kaga tsarabar da zan kawo wa yara su yi wasa. Wlh ina gani gabana ya faɗi. Nan take na kira shi na ce ya jefar da ita cikin ruwa yanzun nan kar ya saka a aljihu, ya ce Kawu katantanwa ce fa, na ce naji, ka fara jefarwa tukunna sai mu yi magana. Allah ya taimaka babu abinda ya same shi. Tun daga ranar nake son in zauna in rubuta wannan sbd yaranmu na nan gefen Ringim, Taura, Gujungu har zuwa Haɗeja da yawa suna can bakin Bahar Maliya, wasu aiki wasu Umara wasu karatu a Sudan, kuma duk da hankalin gida suke kallon abin teku.

Mu nan katantanwa abin wasa ce. Wanda duk ya tashi kusa da kogi ko fadama ya san yadda muke tsinto ta bayan ruwa ya janye, a feƙe ta a murza ta a ƙasa tana juyi, babu wanda ya taɓa jin ance dodon koɗi ya kashe mutum da harbi. Illar namu na rafi daban ce, wasu ƙanana daga ciki su ke ɗauke da ƙwayar tsagiya, ciwon nan dake sa yara fitsarin jini, shi kuma ta shiga ruwan ake kamuwa. Toh na teku wanda nake magana ba ciyawa yake ci ba, mafarauci ne, kifi yake kamawa yana ci, kuma makaminsa dafi.

Masana suna kiran danginsu Conus, sun haura kala 800 a tekunan ƙasashe masu zafi. Ba duka ke kisa ba. Mafi yawansu tsutsar teku suke ci, harbinsu bai wuce na zuma ko rina ba, wasu 'yan uwansu dodon koɗi suke ci, sai kuma masu cin kifi waɗanda su ne matsalar, sbd dafin da zai sandarar da kifi cikin ƙiftawar ido yana aiki a jikin ɗan Adam ma. Babbansu a haɗari shi ne Conus geographus, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna tun 1758 don zanen bayansa yayi kama da taswira. Yana zaune a tekun Indiya da na Fasifik, kuma Bahar Maliya na ciki, wato gaɓar Jidda da Yanbu da Fot Sudan, haka gaɓar Kenya da Zanzibar. Mutanen da aka tabbatar dangin nan sun kashe a rubuce sun ɗan haura 30, kusan duk aikin wannan guda ɗayan ne. Adadin ba shi da yawa, gaskiya ne, kububuwa kaɗai a damina ɗaya a arewa ta wuce haka nesa, amma kububuwa tana da allurar kashe dafi, ana kai mutum asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ko babban asibiti a yi masa ya tashi. Shi wannan har yau babu allurarsa a ko'ina a duniya.

Yadda zaka gane shi. Ka kalli siffar kafin ka kalli ado. Ɓawon yana da faɗi ta sama sai ya dinga tsukewa har ƙasa, kamar mazurari, ko ka ce ƙoƙon askirim. Bakinsa doguwar tsaga ce a gefe guda, ta taso daga kafaɗa har zuwa tsinin ƙasa, kuma babu haƙora a tsagar. Nan ne zaka bambanta shi da wuri, don nasan da yawa zasu ce ai wuri ne babba. Wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, wanda ake kawowa tun daga tsibiran Maldibs, dunƙulalle ne mai doro mai sheƙi, tsagarsa a tsakiyar ciki take da 'yan haƙora gefe da gefe, shi baya harbi. In kaga doguwar tsaga a gefe mara haƙora da jiki mai tsukewa, ka janye hannunka.

Shi mai taswirar tsawonsa yakan kai santimita 10 zuwa 15, kusan tsawon tafin hannun babba. Ɓawonsa ba kauri, ba nauyi, bakinsa ya fi na sauran faɗi musamman ta ƙasa sbd kifi yake haɗiya ɗungurungum, launinsa ja-ja zuwa ruwan ƙasa da dabbare-dabbaren fari, ga 'yan ƙuraje a zagaye da kansa kamar rawani. Akwai kuma Conus textile, shi ne na fi zargin yaron nan ya ɗauka, mai 'yan fararen zane masu kusurwa uku a kan ruwan zinare da layuka baƙaƙe, in ka ganshi sai ka rantse masaƙi ne ya zauna yayi shi. Shi ma yana Bahar Maliya kuma harbinsa ba na wasa bane. Sai Conus striatus da Conus tulipa, masu cin kifi. Amma shawarata kar ka tsaya tantance wanne ne wanne, cikin ruwa ɓawon yakan rufe da wata fata mai launin ƙasa da gansakuka har zanen baya fitowa sosai, masana ma sai sun duba da kyau. Duk mai siffar mazurari ka ɗauka mai kisan ne.

Masu zuwa Legas da Badagiri da Kwatano su ma kar su ce babu ruwansu. Gaɓar Afirka ta Yamma tana da nata, akwai Conus pulcher babba sosai mai cin tsutsa, akwai Conus ermineus mai cin kifi a tekun Atlantika. Mai taswirar baya wajen, amma dokar ɗaya ce.

Yanzu yadda yake harbin, don in ka fahimci wannan bazaka yarda da masu cewa akwai wajen riƙewa ba. Dodon koɗi ne, tafiyarsa a hankali, bazai iya bin kifi da gudu ba, sai Allah ya hore masa wani dogon baki kamar siririyar tiyo dake fitowa ta tsinin ƙasan nan yana miƙewa yana lanƙwasa ta duk inda yake so. A ƙarshen bakin yake ɗana haƙori guda, siriri kamar allura, mai rami a ciki da ƙayoyi a baki irin na mashin masunta, cike da dafi. Yana taɓa nama sai ya harba, sau ɗaya ake amfani da haƙorin, yana da wasu a ajiye cikin wata 'yar jaka da zai sake ɗanawa. Wannan bakin yana iya juyowa baya ya kai kusan ko'ina a jikin ɓawon, don haka maganar ka riƙe shi ta wajen faɗin bazai same ka ba, mutane sun sha harbi a haka. Yana huda siririyar safar hannu, yana huda yadin aljihu.

Da rana yana binne cikin yashi ko ƙarƙashin duwatsun murjani, da dare yake fitowa farauta. Shi mai taswirar har wata dabara gare shi da ta bani mamaki ranar da na fara karantawa, yana sakin wani irin insulin cikin ruwa, irin sinadarin nan da masu ciwon suga ke yin allurarsa, sai sugan jikin ƙananan kifaye ya faɗi su yi laushi su kasa gudu, shi kuma ya buɗe baki kamar koma ya rufe su. Masu bincike a jami'ar Utah ta Amurka suka bayyana haka a 2015, wajen su Farfesa Baldomero Olivera, mutumin Filifin da ya shafe shekaru da dama yana bincike kan dafin waɗannan halittu. Daga dafin wani ɗan uwansu Conus magus ma aka samo maganin raɗaɗi mai ƙarfi, Prialt, da Amurka ta amince da shi a 2004, ana sa shi ta ruwan ƙashin baya ga waɗanda sauran magunguna suka daina yi musu aiki. Ikon Allah kenan, abinda ke kisa shi ke sauƙaƙa wa wani ciwo.

Kariya ba wuya. Baya bin mutum, baya kai hari haka kawai, kusan duk wanda ya harba to shi ya ɗauke shi. Matsalar tana cikin kalmar nan ta babu komai a ciki. Kana leƙa tsagar ka ga wayam sai ka ce ai mataccen ɓawo ne, alhali ya janye jikinsa can ciki ya lafe, kuma yana iya daɗewa a raye a wajen ruwa. Sai ka jefa a aljihun wando ko ka riƙe kana kankare dattin bayansa da farce ko wuƙa, a lokacin yake miƙo bakin. Haka ta faru da wani saurayi a tsibirin Hayman na Ostareliya a 1935, yana riƙe da shi yana kankarewa ya harbe shi a hannu, cikin 'yan awanni ya rasu. Don haka duk wanda ka gani cikin ruwa ko a jiƙaƙƙen yashi ka bar shi inda yake. In dole sai ka kawar da shi sbd yara na wasa a wajen, sa doguwar sanda ko cebur ka tura shi ruwa mai zurfi. Kar ka tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin ramin murjani kana lalube irin yadda muke laluben tarwaɗa a gida. Ka sa takalmi mai kaurin ƙasa in zaka taka ruwan da akwai murjani, silifas baya wadatarwa, kuma ka rage shiga ruwa da dare. Hajiyoyinmu masu zuwa da jikoki dan Allah ku ja musu kunne tun a mota, yaro in yaga abu mai kyau sai ya ɗauka. Busasshen ɓawo da ake sayarwa a shago wanda aka wanke aka goge, wannan babu komai, dafin a jikin naman yake. Sannan wasu ƙasashen kamar Masar sun hana kwasar kayan teku daga Bahar Maliya ma gaba ɗaya.

Toh in ƙaddara ta faɗa ya harbi wani fa. Nan nake so a nutsu a karanta, sbd abinda hannunmu ya saba yi wa harbin kunama da saran maciji a ƙauye kusan duk ba zai yi amfani ba a nan, wani ma ƙara ɓata lamarin zai yi.

Farko ka san alamun. Wajen harbin ɗan ɗigo ne kamar na allura, wani zai ji zafi kamar rina ta harbe shi, wani kuma kusan ba zai ji komai ba sai dai wajen ya mutu, kuma rashin zafin ba alamar sauƙi bace. Daga nan mutuwar jikin ta fara hawa hannu, leɓe da harshe su fara jin wani iri kamar tafiyar kiyashi, gani ya dushe ko ya dinga ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta dinga saukowa, magana ta fara lauyewa, haɗiyar yawu ta gagara, gaɓoɓi su saki. Wani cikin mintuna wani sai bayan awanni. Kar a jira a ga waɗannan kafin a nemi asibiti, ana harbinsa a fara shiri.

A fito da shi daga ruwa nan take, don in jiki ya saki a cikin ruwa nutsewa zai yi ko da iya ƙugu ne. A kwantar da shi, kar ya yi tafiya da ƙafarsa kar ya yi gudu, motsi ke tura dafin cikin jiki. Wani ya kira motar asibiti tun a lokacin, a Saudiyya lambar ita ce 997, a yankin Makka da Jidda 911 ma tana aiki. A cire zobe da agogo. A samu bandeji mai talewa, in babu a yaga rawani ko mayafi ko zani a yi tsiri mai faɗin yatsu huɗu, a fara naɗawa daga yatsu a haura sama har iya inda ya kai, gaba ɗaya hannun ko ƙafar, da ƙarfi irin ɗaurin targaɗe, wanda yatsa ɗaya zai iya shiga ƙarƙashi da ƙyar. Sai a haɗa da sanda ko katako a ɗaure yadda gaɓar bazata lanƙwashe ba, kamar yadda maɗori ke yi wa karaya. A duba farce, in ya koma baƙi-baƙi ko yatsun sun yi sanyi ƙalau to ɗaurin yayi yawa a ɗan sassauta. Kuma kar a kwance shi a hanya, sai a gaban likita.

Wannan ɗaurin ba shi ne irin wanda muke yi da igiya ko robar tayar keke a sama da ciwo ba. Wancan yana tsayar da jini gaba ɗaya, yana iya kashe hannun, kuma ana kwancewa dafin ya tafi lokaci guda. Kar a tsaga da reza, kar a tsotsa da baki, kar a tsaya neman baƙin dutse ko rubutu ko saiwa, kar a ƙona wajen. Addu'a kam a yi ta ana cikin mota ana tafiya. Kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, maƙogwaronsa ya riga ya fara saki, abinda aka ɗura huhu zai tafi. Ruwan zafi da zaka ji masunta na can suna faɗa, na harbin wasu kifaye masu ƙaya ne, kar a ɓata lokaci wajen dafa ruwa.

Sai babbar maganar, numfashi. Dafin nan abinda yake yi shi ne ya tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, to naman dake ɗaga ƙirji yana jawo iska shi ma tsoka ne, in saƙo ya daina isa gare shi numfashi ya tsaya, wannan ne ke kashewa. Amma dafin baya zama har abada, jiki yana fitar da shi a hankali, in aka samu aka riƙe wa mutum numfashi na wannan tsakanin yana iya tashi garau kamar ba a yi ba. Aikin da asibiti zasu yi kenan, su sa masa injin numfashi su jira. Kafin a isa can kai ne injin. Mutum ɗaya ya zauna a kansa baya kallon komai sai ƙirjinsa. In ka ga numfashin ya yi rauni sosai ko ya tsaya, kwantar da shi rigingine, ɗaga haɓarsa ka tura goshin baya kaɗan, toshe hancinsa da yatsu biyu, haɗa bakinka da nasa ka hura har ka ga ƙirji ya taso, ka bari ya sauka, ka sake, kamar hurawa ɗaya duk daƙiƙa 5 zuwa 6. Dafin baya bin baki ya shige ka. In ka gaji wani ya karɓa, ko awa nawa ne kar a tsaya. In kuma zuciya ma ta tsaya sai a haɗa da danna tsakiyar ƙirji, dannawa 30 hurawa 2, da sauri da ƙarfi.

Abinda ya fi tsaya min a rai shi ne mutumin yana iya kasancewa yana jin duk abinda ake faɗa. Idonsa a rufe, baya motsi, baya amsawa, amma hankalinsa na nan kunnensa na ji. Mu kuma mun saba da zarar jiki ya saki sai a fara salati a ja mayafi a rufe fuska a ce rai yayi halinsa. Dan girman Allah kar a yi masa haka. A ci gaba da hura masa iska, a dinga kiran sunansa ana gaya masa muna tare da kai, mun kusa asibiti, likita ne kaɗai zai ce an gama. In mace ce kuma babu mace ko muharrami kusa da zai iya, wanda ke wajen ya yi, ceton rai ne.

Nasan wani abu da zai sa a yi jinkiri, shi ne takardu. Da yawa cikin yaranmu na can iƙamarsu ta ƙare ko babu ita gaba ɗaya, suna tsoron asibiti kamar me, sai a ce a kai shi ɗaki tukunna a ga yadda zai kwana. Kar ku kai shi ɗaki. A ɗaki babu injin numfashi, kuma abin yana iya tsananta tsakar dare lokacin kowa yayi barci. Ni dai na gwammace a dawo min da ɗana a jirgi ba ko sisi da a kira ni a ce an binne shi a can. Ko da ya ce shi lafiyarsa ƙalau zafin ma ya tafi, a kai shi a bar likitoci su sa masa ido na wasu awanni.

In da hali a ɗauki hoton abin da waya daga nesa, ba tare da an sake taɓa shi ba, a nuna wa likita, a kuma riƙe lokacin da harbin ya faru. In Larabci ko Turanci ya gagara hoton kaɗai ya isa bayani, ka nuna hoton ka nuna wajen harbin ka nuna agogo.

Shi yaron nawa da muka gama magana na sa ya tura hoton nan nasa ga abokan ɗakinsu su bakwai tare da bayanin ɗauri da hura iska, na kuma ce ya ajiye 997 a wayarsa ina kan layi. Tsarabar yara kuma na ce ya sayo musu dabino.